Gansakuka a Tankin Kifina

Tankin kifin ba saya na yi ba, ba ni aka yi. Maƙwabciyata ce ta ba ni, wata tela 'yar Filato da muka shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu a Kazaure. Na mijinta ne. Da ya rasu ta ce ba za ta iya da tanki biyu ba, ta riƙe ƙaramin, ta sa aka kinkimo mini babban har falo. Akwatin gilashi ne, tsawonsa ya kai kamu biyu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama, saboda ina koyarwa a sakandaren 'yan mata.

Gara in faɗi halina tun yanzu. Ni ba a yi mini kyauta in kwana ban jujjuya ta a raina ba, ina neman dalili. Haka Allah Ya yi ni, kuma a lokacin wayo na ɗauke shi.

Tun a abin da za a shimfiɗa a gindin tankin muka fara saɓawa. Ni tsakuwa na so, irin farar nan ta gindin duwatsun garin, don ta fi kyan gani. Yaya ta ce tsiro ba ya cin dutse. Yadda mijinta yake yi, in ji ta, sai a samo baƙar ƙasar fadama a shanya, a tankaɗe, a shimfiɗa kaurin yatsa ɗaya, sannan a rufe ta da yashin rafi kaurin yatsa uku, wanda aka wanke har ruwansa ya fita fari. Ƙasar ita ke ciyar da saiwa, yashin kuwa murfi ne, kada abincin ya fito ya gauraya da ruwa. Ita ta kawo ƙasar da kanta a wani tsohon buhu. Na tambaye ta inda ta samo, ta ce daga bakin dam. Na ce to, amma na ajiye maganar a raina.

Ta tsinko mini tsirrai daga nata tankin muka dasa, wani mai dogon ganye kamar ciyawa, wani mai ƙananan ganye, muka sa kainuwa biyu a sama. Bayan mako biyu ta ba ni ƙananan kifaye takwas masu jar wutsiya. Wata biyu ruwan nan garai-garai, har kunya ta ɗan kama ni kan zargin ƙasar da na yi.

A farkon damina aka kawo mini Baba daga ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mutumin da tun yana yaro bai taɓa ganin damina daga cikin ɗaki ba. Maigidana a Dutse yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa, ni kuma ina makaranta har ƙarfe biyu. Yaya ce ta ce in ba ta makulli ɗaya. Kullum da hantsi takan bar keken ɗinkinta ta shigo ta ba shi kunu, ta kai masa buta kusa, ta ɗan taya shi hira. Na ajiye masa kujera kusa da tankin don ya rage kaɗaici, nan yake wuni.

Ba a yi mako uku ba gansakuka ta fito. Da farko wani kore-kore ne a jikin gilashi, na kankare da reza. Sai ta kama ganyen, ta yi zare-zare kamar gashin masara. Na yi duk abin da na sani. Na saki labule don rana ta daina dukan tankin, na rage abincin kifin, na mayar da kunna fitilar sola ta tankin awa shida maimakon goma, na riƙa kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk Asabar ina zuba sabo. Har lulluɓe tankin na yi da zane kwana uku don duhu ya kashe ta. Sai ta lafa, in buɗe ido in ga ta dawo fiye da da.

Nan raina ya koma kan buhun ƙasar nan. Na shiga gidan Yaya da sunan kai ɗinki, alhali tankinta na je gani. Tas yake, kana ƙirga ƙwayar yashi. Na ce a raina, wato mai kyau ta zuba wa kanta, ni ta kwaso mini ta juji. Na tambaye ta abin da ke jawo gansakuka, ta ce abinci ne ya yi wa ruwan yawa, ta kau da kai tana neman almakashi. Can ta ce da zan ji shawararta, da na sa wa tankin murfi mai nauyi, ko in mayar da shi ɗakina. Wannan magana ta tsaya mini. Me ya dame ta da inda tankina yake?

Sai na yi mata tarko. Wata safiya kafin in fita na ɗiga jan biro a jikin gilashi daidai inda ruwan ya tsaya. Da na dawo, ruwan ya haura alamar da rabin yatsa, bokitin banɗaki kuma da danshi, tabarmar gaban tankin ma haka. Kwana uku ina gwadawa, kwana uku ina samun haka. Baba ba zai iya ɗaga bokiti ba. Mutum ɗaya ke da makulli. A rana ta huɗu na tarar da kifi biyu sun juya ciki sama.

Ban tambaye ta ba, kuma har yau wannan ne ke ci mini rai. Na je na ce makullina ya ɓata, ta ara mini nata, kuma kada ta ƙara wahalar da kanta, zan riƙa zuwa a acaɓa lokacin tara in duba Baba. Ta dube ni tsaf. Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙo mini.

Na zaci magana ta ƙare. Cikin kwana biyar ruwan ya koma kamar miyar kuka, ko kifin ba a gani sai sun taso sama suna haki. Uku suka ƙara mutuwa. Duk da haka ban saki zargina ba, cewa na yi abin da ta zuba ne yake ta aiki.

Wata ranar Alhamis aka tashe mu daga makaranta da wuri. Na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba don kada in tashi Baba in barci yake. Ashe idonsa biyu. Ya jingina da teburin tankin, ya naɗe hannun rigarsa na hagu, hannun yana cikin ruwa har gwiwa. A kan cinyarsa ga ƙullin leda da ƙwayoyin kamfa, takin zamanin da maigidana ya ajiye buhunsa a zaure. Yana ɗaukar ƙwaya ɗaya, ya tona yashin da yatsa a gindin tsiro, ya tura, ya rufe, ya matsa na gaba, daidai yadda yake yi wa gero. Murfin yashin da muka wahala a kansa duk ya zama ramuka, baƙar ƙasa tana tasowa.

Na ce, “Baba, me kake yi haka?”

Ko firgita bai yi ba. Ya ce, “Ba ki ga ganyen ya yi ruwan ɗorawa ba? Yunwa ce. Shuka in ta yi haka ba a jira.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Ya ci gaba da ba ni labari da jin daɗi, cewa da sanda yake lallaɓawa zaure ya ɗebo, kuma tun makon farko maƙwabciyar nan ta gan shi. Ba ta hana shi ba. Sai dai ta ɗauko bokiti ta kwashe ruwa ta zuba wani, kullum. Shi a ganinsa sun raba aiki ne, ita ban ruwa, shi taki. Sannan ya ɗago ya ce, “Kwana biyu ban gan ta ba. Ko wani laifi na yi mata?”

Na ce masa a'a, aiki ne ya yi mata yawa. Na ɗauki makullin na fita, ko jakar makaranta ban ajiye ba.

Na same ta a kan keke tana ɗinka rigar makaranta. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi mata ba, na faɗa mata komai, har jan biron. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini.

Ta tsayar da keken. Ta ce, “Dattijo ne, Malama. Gonar da ta rage masa ke nan. Da na faɗa miki, da kin hana shi, ni kuma ba zan iya in zama sanadi ba. Na yi zaton in kin ga wani abu za ki tambaye ni.”

Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, kuma na san ba ƙarya ta yi ba. Na ajiye makullin a kan keken kusa da zare. Ta ɗauka, ta kamo hannuna ta sa mini shi a tafi, ta naɗe yatsuna a kai.

“Bar shi a wurinki. In kina gida zan riƙa leƙowa in gaishe shi.”

Kuma ta cika. Duk yamma tana zuwa har Baba ya koma ga Allah a bazarar da ta biyo. Har gobe ita ke mini ɗinki, muna gaisawa, muna aika wa juna abinci. Sai dai in ta zo, ko ƙofa a buɗe take, a bakin zaure take tsayawa ta yi sallama, ta jira sai na fito.