Kibiyar da Ta Sami Taubashi

A Sakkwato na koyo wasan, lokacin ina karatun koyarwa. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda. In jarumi zai yi abu mai haɗari sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin, shi zai nuna ko an dace. Da na dawo Anka na kafa shi a zauren gidanmu, duk Juma'a bayan La'asar. Baba, da yake malamin allo ne, ya tsaya a kanmu ran farko yana harar ɗan lidon. Na rantse masa ba caca ba ce, tatsuniya ce kawai. Ya ce, "Tatsuniya da rana, ƙattai da gemu?" Ya wuce abinsa, bai hana ba.

Cikin 'yan wasan akwai ɗan kawuna, tela ne, kuma taubashinmu. Allah ya yi masa baki. Ni bawansa yake kirana ko a gaban ɗalibaina, ƙannena mata kuwa ba wadda bai laƙa wa suna ba. Mutum ɗaya ne bakinsa bai taɓa taɓawa ba a gidanmu, wato ƙanena Auta.

A ƙauyen Sunke aka haifi Auta, kafin mu taso zuwa Anka, shekarun da ake daka dutsen zinari a cikin gidaje. Gubar dalma ta kama shi yana ƙarami. Ya rayu, mun gode wa Allah, don yara da yawa ba su rayu ba. Sai dai hannunsa na dama na rawa, magana kuma a hankali take fito masa. Har ya zama saurayi kowa lallaɓa shi yake. Taubashi kan gaishe shi da ladabi kamar suruki, yana ce masa Malam Auta.

Auta ya daɗe yana kallonmu daga bakin ƙofa kafin ya ce shi ma zai shiga. Na zauna na gina masa maharbi, kuma na yi aikin da zuciya ɗaya. Maki kaɗan ake ba kowa ya rarraba wa jaruminsa, maharbi kuwa ba ya bukatar faɗin ƙirji. Na zuba mafi yawa a saiti, sannan kaifin ido don ya hango abokin gaba kafin a hango shi, ragowar na ba shi zafin nama. Na zaɓar masa dogon baka da rigar fata mara nauyi, na hana shi sulke don yana rage gudu. Na koya masa ya tsaya baya, ya nemi tudu ko bishiya, ya bar masu takobi su tare gaba. Na kuma ja masa kunne kada ya yi harbi in ɗan'uwansa na manne da abokin gaba, don in ɗan lido ya ba da ɗaya, kibiyar ɗan'uwan nasa za ta samu.

A raina na san dalilin da ya sa na zaɓi maharbi. Yana nesa, bugu ba ya kai masa, kuma ba sai ya yi dogon zance ba. Auta ya daɗe yana duba takardar, sannan ya ce, "Hannunshi ba shi rawa?" Na ce ba ya rawa. Ya gyaɗa kai.

Maharbin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Amma ba jarumin da ba ya kuskure. In wani ya kuskure zauren kan kaure da shewa, taubashi ya yi ta yi masa tsiya har mako ya zagayo. In Auta ne sai a yi tsit, taubashi ya ce, "Ba komi, Malam Auta, Allah shi ba da sa'a gaba." In ɗan lidon ya suɓuce masa ya gangara bayan tabarma, wani ya ɗauko ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Ni kuwa daɗi nake ji wai abokaina na da tarbiyya.

Sai Auta ya fara fashin zuwa. Na tambayi Inna ko jikin ne, ta ce, "Lahiya lau shike. Cewa yay yi ku wasa kukai, shi ko jinyatai kukai."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don gaskiya ce. Amma yaya zan yi? In tara mutane in ce don Allah ku yi wa ƙanena ba'a? Ban iya ba. Na dai roƙe shi ya zo Juma'ar nan ko sau ɗaya, ya zo yana ɗaure da fuska.

A labarin ranar, wani dodo ya tare mashigin kogi. Jarumin taubashi ya rungume shi suna kokawa a cikin ruwa. Auta ya ce zai harba. Na tuna masa haɗarin, ya ce ya sani. Ya girgiza ɗan lidon ya jefa, ya ba da ɗaya.

Aka yi tsit ɗin nan da muka saba. Na yi sauri na ce, "To, kibiya ta wuce ta kafe a jikin kuka."

"Yaya," in ji Auta. Muka jira shi ya haɗa maganar. "Doka mi tac ce?"

Na ce doka ta ce ɗan'uwanka ka sama.

"To ga ɗuwawu tas same shi." Ya juya ya dubi taubashi ido cikin ido. "Bawana, juyo in cire kibiyata. Kak ka tahi min da ita."

Ina kallon taubashi yana kokawa da bakinsa. Ya ciji leɓe, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Can sai ya fashe.

"Kai, wanga makahon maharbi! Dodo kamar rumbu gabanka ba ka gane shi ba, sai ɗuwawuna? Wa ma yab ba bawa baka? Hannunka na rawa mun sani, idonka ma rawa shikai?"

Ba wanda ya taɓa ambatar hannun nan a gabansa, ko ni. Na buɗe baki zan tsawata, sai na ji Auta ya tuntsire da dariya. Ya yi ta yi har ya kife a tabarma, yana nuna taubashi da hannun nan mai rawa, yana son ramawa dariya ta hana shi. Taubashi ya miƙe ya dafe ƙugu yana ɗingishi yana zagaya zauren, yana cewa sai an biya shi diyya.

Hayaniyar ta fito da Inna daga madafa, muciya a hannunta. Ta tsaya daga bayan labule ta kira ni.

"Baƙo kunka yi? Dariyar wa nika ji haka?"

Na ce, "Inna, Auta ne."

Ta ɗaga labulen ta leƙa. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa, har muka fara jin ƙaurin tuwo, ba ta koma ba.