Sawun Maigidana a Fadama

Shekarun baya, lokacin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, Tudun Wada kuma gidajenta ba su fi a ƙirga ba, maigidana yana da fadama a bakin kogin Kubanni. Rubuta yadda na faɗa, Malam, in na yi kuka ka jira ni.

Ba ya shuka komai a cikinta. Kogi ne ke cika ya kwanta a kai, in ya janye ciyawar burgu ta tashi, maigidana ya yanka ya shanya, masu dawaki su saya. Da wannan muke ci. Ni kuwa ban taɓa ganinta ba, ina kulle. A ƙafarsa na san ta. In ya dawo na zuba masa ruwa, na ga baƙar laka mai danƙo, na san bana akwai ciyawa.

Wata damina ruwa ya zo da hauka, ya shimfiɗe fadamar da yashi. Maigidana ya je ya ratsa ta, ya dawo da zazzaɓi. Da na wanke masa ƙafa, yashi ne har ƙauri, amma tsakanin yatsu baƙar laka ce. Zazzaɓin nan bai sake shi ba. Allah ya jiƙansa.

Ina cikin takaba ƙaninsa ya zo. Ya ce, "Yaya, fadama ta mutu. Masu yi wa Turawa tubali suna so su haƙa, mu ba su."

Na ce, "Tana da rai."

Ya yi dariya. "Ke da ko hanyarta ba ki sani ba?"

Gaskiyarsa. Ran da na fita takaba, sai da ya yi mini jagora kamar makauniya, ina ta tuntuɓe.

Muka tarar da yashi fari fat. Amma a tsakiyarsa ga ɗigon kore a jere, ɗaya nan, ɗaya can, tun daga gaɓa har bakin ruwa. Na durƙusa. Ashe duk inda ƙafar maigidana ta nutse ta huda yashin ta taɓo laka, ramin ya riƙe laima, burgu ya fito ta nan. Sawunsa ne ya tsiro. Har inda ya tsaya ya juyo ana gani.

Ƙaninsa ya cire hula, ya ce, "Ikon Allah." Bai ƙara maganar tubali ba. Ya ɗauko sanda ya bi yashin yana hudawa. Damina biyu, ciyawa ta rufe ko'ina, da ita na ciyar da 'ya'yana.

Har yau in na ji ƙanshin busasshen burgu, hawaye nake yi. Na yi murna da fadamar ta cika, Malam. Sai dai ran da ta cika, ran nan na daina ganin inda ya taka.