Kwanon Goggo na Sallah

Tun ina yarinya jikina ba ya shiri da gyaɗa. Ko ɗanɗanawa na yi, sai borin jini ya taso mini. Goggo, ƙanwar babana, ta ce iyayi ne kawai. Ranar wata Sallah ta sa gyaɗa a miyar waina, ta rantse mini ba ta sa ba. Leɓɓana suka kumbura, numfashi ya gagara, a kan babur aka kai ni asibiti cikin Daura.

Da ta zo dubiya ta ce, "Ai gwada ki na yi."

Yanzu duk Sallah takan aiko kwanonta gidana. A al'ada juyewa ake yi, a zuba mata abincin gida a mayar. Ni a rufe nake mayar mata, ban taɓa abincin ba, lokacin da ɗakinta ya cika da baƙi. Bara ta tambaye ni dalili. Na ce, "Goggo, gwaji ɗaya ya ishe ni."