Sunan da Ban Taɓa Faɗi Ba

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan shafi in sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, ni matar aure ce a Talata Mafara, 'yar Fulanin gida daga wajen Garbadu, mai kunya har ta yi yawa. A gidanmu an hore mu cewa mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da ciwo yake yi. Ni kuwa na riƙe wannan al'ada fiye da waɗanda suka koya mini ita. Ɗan farina tun da aka yaye shi yana Bakura wajen kakarsa, sai da ta rasu ya dawo hannuna ya fara tasawa. Idan zan aike shi sai in ce "kai wanga yaro," ya taho da gudu. Dangi suna yabona a kan haka, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Maigidana mai sayar da tsimi ne. Da tulu ɗaya ya fara a kasuwar Talata, yana dafa sassaƙe da saiwoyi da tsamiya da zuma, ni nake tace masa. Allah ya ba shi baki. Ba tsimin kaɗai yake kai wa mutane ba, har da wa'azin lafiya: a rage sukari, a ci zogale, a sha fura da nono, a daina rugawa wajen allura a kan ɗan ciwon kai. Da aikin dam ya kankama, leburori suka cika gari, kowa da ciwon baya, kowa yana neman abin da zai ƙara masa ƙarfi. Tulu ya zama kwalabe masu hotonsa, daga baya ya sayi mota mai lasifika tana zaga kasuwannin Bakura da Maradun har Gidan Goga. Aka daina kiran sunansa, sai Dokta, alhali ko ƙofar makarantar likita bai taɓa gani ba. Amma tsakani da Allah ba macuci ba ne. Ya yarda da tsiminsa, shi ma kullum sai ya sha kafin ya karya.

Da siyasa ta zo, lasifikarsa ta yi wa wasu manya amfani, suka saka masa da kujerar mai ba da shawara kan harkar lafiya a ƙaramar hukuma. Aka ba shi ofis, ya koma sa babbar riga, ni ma na zama matar Dokta da ake ba wa tabarma ta musamman a wajen biki. A lokacin ne aka saki ruwa a kanal, wato magudanan da aka gina don noman rani, yara suka samu wurin wanka. Ba a jima ba fitsarin jini ya yawaita, ciwon da muke kira tsargiya. Ma'aikatan asibiti suka kawo shawara a yi shela a hana yara shiga ruwan, a kuma bi makarantu ana gwada su. Maigidana ya tashi a gaban taro ya ce bai yarda ba. Ya ce mutane suna cikin ɗacin gonakin da dam ya cinye, idan aka ce musu ruwan ma ciwo yake kawowa an hura wuta. Ya ce tsargiya tun kaka da kakanni ake yin ta, alama ce yaro ya zama namiji, zafi ne kawai ke fita, kuma tsimi yana wanke shi. Manya suka ji maganar da suke son ji, aka bi tasa. Da ya dawo gida da alfahari ya ba ni labari, ni ma na taya shi murna.

Ina wanki na fara ganin ɗigon jini a wandon yaron. Na duƙunƙune wandon na tura ƙarƙashin sauran kaya kamar na yi sata. Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa, domin uwa ta kawo maganar ɗan fari da bakinta abin kunya ne, balle maganar da ta shafi gabansa. Da kyar na ce wa maigida wandon wanga yaro yana da jini. Ya yi dariya ya ce, "To mi a ciki? Ɗanki ya zama namiji. Ki ba shi kwalba safe da marece." Kalmar "ɗanki" ɗin nan ita ta rufe mini baki. Na sunkuyar da kai na koma madafi.

Na ba yaron kwalba, na ƙara masa wata. Damina ta wuce, kaka ta wuce, jinin bai tsaya ba. Yaron da ke cinye tuwo malmala biyu ya koma tsakura, tafin hannunsa ya yi fari, fuskarsa ta fara kumbura. Da rana tsaka ina tankaɗe sai in ji nishinsa a bayan gida, yana yi a hankali don kada in ji, ni kuma ina ƙara buga rariya don kada ya san na ji. Tsoro iri biyu ne ya riƙe ni. Ina tsoron in wayi gari babu shi, ina kuma tsoron ranar da za a ce an ga matar Dokta a layin asibiti, domin wannan rana ita ce ƙarshen kujerar maigidana, wataƙila ma ƙarshen aurena. Na sake gwada magana sau ɗaya, ya haɗe rai ya ce ko so nake maƙiyansa su yi masa dariya. Maƙwabciyata ma da ta lura ta ce in yi wani abu, na ce mata ai yana da uba. Yau idan na tuna wannan amsa tawa sai in ji kamar in mari kaina.

Wata Talata maigida ya tafi rangadi Maradun. Tun safe yaron yake zirga-zirga bayan gida, fitsari ya ƙi fita ko ɗigo, mararsa ta yi tauri kamar ƙwarya. Kafin azahar ya faɗi a bakin ƙofar ɗakina, idanunsa suna juyewa. Ban nemi izinin kowa ba, ban ma tuna da takalmi ba. Na ɗaure shi a baya da zane, yaron da ban taɓa goyawa a gaban mutane ba, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Hanyar asibiti kuwa ta gefen kasuwa take, ranar cin kasuwa, gari ya cika. Ina jin ana cewa ai matar Dokta ce, ina jin wata tana tambaya ba ɗan farinta ba ne wancan. Ni dai abin da nake saurare shi ne numfashinsa a wuyana, domin wani lokaci sai in ji kamar ya ɗauke.

A asibiti aka kwantar da shi, wani ma'aikaci ya dube ni ya ce, "Mi as sunanai?" Na waiga ko akwai wanda zai faɗa a madadina, babu kowa sai ni. Na buɗe baki na faɗi sunan, ya fito kamar ba da harshena ba. Aka ce in riƙa kiran sa kada ya suma yayin da ake sa masa roba don fitar da fitsarin. Na riƙe kansa ina ta kira, da ƙarfi, a gaban kowa. Likita ya ce tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin cikin kanal, ta daɗe tana cin mafitsararsa har abin ya taɓa ƙoda, kuma da tun farko aka kawo shi, da 'yan ƙwayoyin magani sun isa.

Maigida ya iso da la'asar, labari ya riga ya same shi a hanya. Ya tsaya a bakin ƙofa da babbar rigarsa ya ce, "Kin kashe ni a garin ga." Daga nan ya hango yaron, sai ya zauna a ƙasa. Bai sake ni ba. Kujerar ba ta jima a hannunsa ba, motar lasifika ma ta tsufa a ƙofar gida, kuma har ya koma ga Allah bai sake ba wa mai tsargiya kwalba ba. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma da ƙoda mai rauni ya girma, har yau shi da asibiti ba sa rabuwa. Yaran mutane nawa ne suka sha irin wannan wahala saboda shawarar da na taya murna a kanta, wannan Allah kaɗai ya sani, kuma shi ne abin da har gobe yake tsorata ni.

Abin da na koya shi ne, mai baki daban, mai sani daban, kuma kujera ba ta mai da mutum likita ko da zuciyarsa fara ce. Ina kira ga iyaye mata 'yan'uwana, idan kun ga jini a fitsarin yaro ku kai shi asibiti, ba alamar girma ba ce. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma kada ta kai ku inda ta kai ni. Ranar nan da yaron ya farfaɗo, bai tambayi inda yake ba, bai tambayi babansa ba. Ya dube ni ya ce, "Inna, ashe kin san sunana?"