Ludayin Kaka a Bakin Maggiya

Ƙauyenmu na kusa da Tsarnawa, a bakin Maggiya. Baƙon da ya zo da rani zai yi mana dariya in muka ce kogi ne, don yashi ne kawai da bagaruwa da sawun awaki. Amma bari damina ta sauka. Ruwa ja yakan gangaro daga duwatsun Adar, ya ratsa ta Dogarawa, ya wuce mu, ya bi ta Ƙonni, ya ƙetare iyaka ba da takarda ba, ya kwanta a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Can aka kai ƙanwar kakata, Hansatu, aure tun kafin a haifi mahaifina.

Kaka tana da wata al'ada. Duk ranar da ruwan farko ya iso, sai ta ɗauki sabon ludayi, ta ƙona masa zane uku da wuƙa mai zafi, ta saka shi cikin kogin. Gaisuwarta ke nan ga Hansatu. Na taɓa ce mata ai yara za su tsince shi kafin Ƙonni.

"Ji mini mijin banza," in ji ta. "Karatun lakwal na kwana biyu ya sa ka san hanyar ruwa?"

Da sanyi, in an idar da sallar isha'i, takan hura karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu zagaye wutar, kurciya na ƙarasa kukanta a kan gawo. Tatsuniya ɗaya muka fi roƙo.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji Kaka.

Wai gaiwa da tarwaɗa uwarsu ɗaya, gaiwa ce babba. Da ruwa ya fara janyewa, tarwaɗa ta ce su bi shi zuwa Kalmalo. Gaiwa ta ce ba ta barin gida, ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta yi barci, kamar yadda gaiwa ke yi har gobe. Sai wani magini ya zo ɗibar ƙasa, ya kwashe ta bai sani ba, ya gina ta cikin bangon rumbu. Tana nan ciki tana jin duniya: kwaɗi na biki, dinya na wucewa, guza na jan ciki a gindin rumbun. Kowace shekara shamuwa takan sauka a kan jinka ta ce, "Ƙanwarki na gaishe ki." Gaiwa ba ta da bakin amsawa.

Nan Kaka ke tsayawa ta tura kara cikin wuta. Mu ce, "To sun gamu?" Ta ce, "Sai ruwa ya zo. Ku tashi ku kwanta."

Shekarar babban fari ruwan bai zo ba. Maggiya ta ɗan jiƙa yashi ta bushe, shamuwa ta yi sheƙa ta watse. A shekarar kuma aka rufe iyaka, taksi ya daina ƙetarewa. Samari na bin hanyar daji a ƙafa, su ne suka kawo labarin Hansatu na kwance. Kaka kuwa gwiwoyinta ba sa kai ta ko rijiya. Ludayin da ta riga ta tanada ya yini ya kwana rataye a ƙofa da zanensa uku. Wallahi na tsani ganinsa, har na daina bi ta ƙofar.

A sanyin shekarar nan ne kaɗai ta ƙarasa tatsuniyar, ba wanda ya roƙa. Ta ce an yi wani ruwa kwana bakwai, rumbu ya narke, gaiwa ta faɗo cikin rigyawa, ruwa ya goya ta har Kalmalo. Sannan ta ce, "Ta iske tafkin cike." Ba ta ambaci tarwaɗa ba. Mu yara muka yi ta murna. Ashe tun da la'asar aka kawo mata labarin rasuwar Hansatu.

Bayan shekaru, Kaka ma ta riga mu gidan gaskiya, na je Kalmalo na nemi 'yar Hansatu, wadda muke kira Gwaggo. Muna zaune ana ganin tafkin, balbela fari fat a gefensa, na tambaye ta ko ludayi ya taɓa isowa.

"Wane ludayi, ɗana?"

Na ba ta labari.

"Ko guda bai zo ba," in ji ta. "Amma duk ranar da jan ruwa ya shigo tafki, Inna sai ta tafi bakin ruwa ta kamfata da hannu ta sha. Muna hana ta, ruwan duk laka. Sai ta ce mu ƙyale ta, wannan ta ƙofar Yaya ya biyo."

Gaskiyata ce fa, ludayin bai taɓa wuce Ƙonni ba. Ban taɓa jin kunyar yin gaskiya irin ta ranar ba. Da daminar da ta biyo na koma gida, na sauko da ludayin daga inda Kaka ta bar shi, na kai shi bakin ruwa.