Mahfuzu Ina-Gajiya

Ranar da Mahfuzu ya fara magana da mutanen duniya, rabin unguwa na cikin shagonsa, sauran na leƙe ta taga. An ce za a ba shi ɗan lokaci, wanda bai isa shayin farko ya tafasa ba, ya yi bayanin aikinsa. Fuskoki suka fito a gilashin ordinatar, wato kwamfuta, kowace cikin ɗan akwatinta: wannan daga Kanada, wannan daga Senegal, wancan daga Beljik. Shugabar taron, Madam Ilen, ta ce da Faransanci, "Mahfuzu na Nijar, muna saurare."

To, Mahfuzu ɗan gidan mutunci ne. Ya gyara hula ya fara daga akwatin farko. Ina wuni, ina gida, ina yara, ruwa ya samu wajenku? Ya juya gaisuwar Adar kakaf zuwa Faransanci yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan wani mai sanƙo na Beljik, Mushe Tiyeri, ya ce masa, "Ina gajiya?" Bawan Allah bai san ana cewa babu gajiya a wuce ba. Ya cire tabarau, ya ja numfashi, ya shiga labarin ciwon bayansa da yadda barci ya guje shi. Mahfuzu na ta "Allah shi sawwaƙe" har Madam Ilen ta ce lokaci ya ƙare, ta rufe masa murya. Bakinsa na motsi, ba mai ji. Ko sunan aikin bai ambata ba.

Tun ranar sunansa a garin Buza ya koma Ina-Gajiya. Barmo ne ya raɗa masa, taubashinsa na Allakaye, wanda ya mai da bencin ƙofar shagon birosa, wato ofishinsa, nan yake hantsi nan yake la'asar.

Shi Mahfuzu haifaffen Tabotaki ne, gidan manoman hatsi da dawa. Ya yi lekol, wato boko, har koleji, jarrabawa ta kayar da shi, ya tafi Madawa ya koyi buga takardu wurin wani mai shago. Daga nan ya zo Buza ya buɗe nasa kusa da kasuwa: buga takarda, fotokofi, cajin waya, da gyaran tsofaffin ordinatar da ma'aikatu suka gaji da su. Garin gyaran nan ya ci karo da wata manhaja mai ba ordinatar fuska, wato wurin da ake ganin hotuna da sunayen abubuwa a danna. Ba ta da mai ita. Mutane ne daga ƙasashe suke haɗa hannu suna gina ta, kowa ya ɗauka ya yi aiki da ita, wanda ya iya ya gyara. Mahfuzu ya ce ai wannan gayya ce, fura kawai babu.

Matarsa Balki ce ta ja masa. Tana koya wa matan unguwa karatun yaƙi da jahilci, Hausa kam ta iya karanta ta sarai, Faransanci kuwa daga bonjur sai marsi. Wata rana ta zauna gaban injin ta ce, "Baban Ikram, abin ga ba ya jin Hausa ne?" Shi ke nan. Mutum ya duƙufa shekara da shekaru yana juya kalmomin manhajar ɗaya ɗaya, har ta kai matan ajin Balki na danna "buɗe" da "rufe" da kansu a tsofaffin injinan da ya gyara wa ajin, ba su jiran kowa.

Sai dai akwai wata cuta da ta fi ƙarfinsa. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a wasu wurare ba su fitowa, sai wani ɗan akwati wayam ya zauna a gurbinsu. Gyaran yana can cikin hanjin manhajar, inda Mahfuzu bai san hanya ba. Ga shi masu gayyar sun yanke shawara: duk harshen da mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, kuma yana da lahani, za a ajiye shi gefe in sabuwar manhaja ta fito. Mutum guda Mahfuzu ke nema, wanda zai kama masa. In bai samu ba, injinan ajin Balki su koma Faransanci, matan su koma kallon hotuna.

Bayan taron farkon nan, Madam Ilen ta tausaya masa, ta ce ya dawo taro na gaba, amma ya shiga magana kai tsaye. Daga nan tuwo ya daina wuce masa. Ya rame har hularsa na juyawa a kai. Yana fotokofi yana gunaguni da Faransanci, ya ba mai takardar haihuwa takardar gona.

"Ina-Gajiya," in ji Barmo daga kan benci, "in sunka hidda Hausa daga injin, ka koma Tabotaki ka gaida zangarniya, su ba su ƙosawa."

"Ƙyale ni, Barmo, cikina ba daɗi."

"Maganinka guda na. Ka koyi rashin kunya. Hita kasuwa ka gwada."

Da yake tsoro ya riga ya ci shi, sai ya ɗauki shawarar. Ranar kasuwa ya ratsa ƴan albasa da ƴan tugande baki a ɗaure, ana gaishe shi yana kallon ƙasa, gumi na zuba. Ya yi kiciɓis da Kawu Isufu, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya taso tun daga Tabotaki. Ba ko gaisuwa ya ce, "Kawu, mi ya kawo ka?" Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya zarce gidan ya tambayi Balki ko mijinta ya taka wani abu a bakin gulbi. Sai da Mahfuzu ya je ya durƙusa ya biya gaisuwar har da ta bara.

Ranar taron ta zo da hadari. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, kuma kowa ya san in hadari ya taso a Buza, rezo, wato layin sadarwa, ke fara tafiya, kuran, wutar lantarki, ya bi bayansa. Mahfuzu ya rufe ƙofar shago, Barmo ya ja bencinsa zuwa taga. Balki ta zauna gefen mijinta. Fuskoki suka fito. Madam Ilen ta ce, "Mahfuzu, bismilla," ko dai abin da suke faɗa a madadinta.

Ya buɗe baki. Babu. Duk abin da ya haddace ya ɓace masa, kamar wanda aka ce ya faɗa gidan surukai ba sallama. Yana jin iska na kaɗa kwanon rufi. Yana ganin Madam Ilen na kallon agogo. Balki ta taka masa ƙafa, ko motsi.

Sai akwatin mai sanƙo ya yi haske. Mushe Tiyeri ya matso da fuska, ya karanto daga wani wuri da Hausa mai tuntuɓe: "Mafuzu, ina ga-ji-ya?"

"Babu gajiya," in ji Mahfuzu, tun kafin ya yi tunani.

Harshe ya kwance. Ya ce musu a garinsu in gona ta fi ƙarfin mutum, gayya yake kira, shi ma gayya ya zo kira. Ya juya musu gilashin, Balki ta kama linzamin injin ta buɗe, ta rubuta, ta adana, duk da Hausa. Ya nuna musu kalmar "buɗe" da akwati a tsakiyarta, ya ce, "Matan da ke koyon karatu suna tambayata wane baƙi ne wannan. Ina neman mutum ɗaya da ya san cikin manhajar."

Nan rezo ya ɗauke. Fuskokin suka daskare, Madam Ilen baki a buɗe. Mahfuzu ya ɗaga wayar da ke jawo wa injin rezo sama, ya kai ta taga, ya hau kujera. Da hoton ya dawo, hannun Mushe Tiyeri na sama. Ya ce shi aikin baƙaƙe ya daɗe yana yi cikin gayyar, kuma tun da ya shiga ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gaji, zai kama. Wata Salima ta Senegal ta ce Fillancinsu ma na fama da akwatin nan, a sa da ita. Madam Ilen ta ce Hausa ta zauna. Ba ta rufe baki ba kuran ya tafi.

Mahfuzu ya buɗe ƙofa, yayyafi ya fara. Barmo ya miƙe yana gyara riga.

"Ashe nasara yak koya ma gaisuwa, Ina-Gajiya. Da ba don shi ba da yanzu kana nan baki sake."

Mahfuzu ya share gumi da hula ya dube shi.

"Barmo, shi sau ɗaya nat tambaye shi gajiya, ga shi ya ɗauki aiki. Kai tun muna yara nike tambayarka, har yau ban ga aikin da ya gajiyar da kai ba."