Rosarin Kaka da Na Yanke wa Gicciye

Wautata ta farko ita ce ban taɓa zama na ƙirga 'ya'yan carbi ba. Ni da nake ganin duk ƙasar Ɗambatta babu mai wayona, har ina cewa ko ƙuda ya sauka a kaina sai ya tashi da dabara.

Mu 'yan Katolika ne, gidaje kaɗan a ƙauyenmu, gonakinmu a haɗe da na maƙwabtanmu Musulmi. Kakata ce ta rene ni. Aikinta a coci rabon rosari, wato carbin da muke addu'a da shi. Fada, wato limamin cocinmu, zai sa musu albarka ya kawo mata, ita kuma ta kai wa mai jego, da marar lafiya, da wanda ya daina zuwa coci. Ba ta iya karatu ba, amma in ta damƙa maka ta zauna ta koya maka, kunya ba za ta bar ka ka ajiye ba. Takan ce mini, "Angona, abin da aka sa wa albarka ba a sayar da shi." Ni kuma in ce, "Amarya, ke dai ba ki san kasuwa ba."

Waya nake so in saya. Na buɗe akwatinta na ɗebi rosari, na yanke gicciyen, na ɗaura tuntu, na kai wa wani mai tireda a kasuwa a matsayin carbi. Ya karɓa. Na sake kaiwa.

Ashe carbin Musulmi talatin da uku-uku yake tafiya, namu kuwa goma-goma. Malam Isuhu, maƙwabcin gonarmu, ya sayi ɗaya. Yana ja bayan sallar La'asar lissafi ya ƙi fita. Ya duba da kyau ya gane, don ya sha ganin irinsa a hannun Kaka. Mai tireda ya ce daga gidanmu ake kawowa. Kafin a ce me, magana ta bazu cewa tsohuwa tana cusa wa Musulmi kayan addininta ta ɓoye.

Aka kira ta gaban mai unguwa. Malam Isuhu ya ce, "Iya, tun kan a haifi yaron nan muke haɗa iyaka. Me ya kawo wannan?" Aka tambaye ta wa ta aika. Ina tsaye a bayanta. Ta ce, "Akwatina ne, ni ce ban kulle ba." Ta yi alkawari ba za ta ƙara raba ko ɗaya ba. Ni kuwa na yi tsit.

A gida ba ta doke ni ba. Ta dai daina ce mini ango. Matan da suke aiko mata da fura suka daina.

Na kasa zaman gidan, na bi wasu samari. Daga satar kaji muka koma awaki. A Bagwai aka kama ni da wani bunsuru mai muryar lasifika, ina jin har Kano an ji kukansa. Aka kai ni gidan gyaran hali na yara. Can na koyi ɗinki, can kuma na fara addu'a da yatsuna, goma-goma, ina kuka.

'Yan'uwana yara, ku ji daga wanda ya gwada. Kada ku taɓa abin da aka ba wani amana, ko zare ne. In kuwa kun taɓa, aka tsayar da wani a madadinku, ku buɗe baki nan take. Satar ba ta ci ni kamar shirun nan ba.

Da aka sake ni, na wuce wurin mai unguwa, Malam Isuhu na zaune, na faɗi komai. Malam Isuhu ya ce, "Ka makara, yaro." An binne Kaka tun ina tsare.